Farcen Kanti, Yatsana da Dokin Baba

Da hannun dama nake rubuta wannan labari, yatsuna biyar cif, alhamdu lillahi. Manunin ne dai ya ɗan karkace a kai, farcensa kuma ya fito da tudu a tsakiya, amma yana riƙe biro, yana riƙe linzami. Na rubuta ne don 'yan'uwana mata masu son ado kuma suna hidimar dabbobi su ji abin da ya same ni. Sannan akwai wanda na ɗauki alhakinsa, ba shi da bakin kare kansa, shi ma ina so in wanke shi.

Sunana Luba, a Magarya nake ta ƙasar Wurno, ina koyarwa a firamare. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ƙanwar Baba, Gwaggo Ige, ita ta raine ni. Baba manomin albasa ne, yana da gona a bakin hanyar ruwan da ke zuwa daga dam. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ni ya ba shi, sai kuma doki, wani fari mai ɗigo-ɗigo da muke kira Hurde. Tun ban kai tsawon likkafa ba nake kwashe kashin doki, ina dama dusa da kanwa, ina tsefe geza. Da gwiwoyin Baba suka ƙi hawa sirdi sai hawan ma ya dawo kaina. Kullum kafin makaranta in sa wando a ƙarƙashin hijabi, in hau in je in duba ruwa a gona in dawo. Mutanen gari sun yi surutu na shekara guda, suka gaji suka bari.

Sai kun san halin Baba za ku gane wautar da na yi. Baba ba mafaɗaci ba ne, da faɗa yake yi ma da sauƙi. Shi suna yake laƙaba wa mutum, kuma in ya laƙaba ya zauna ke nan. Mijin Gwaggo Ige mai minshari ne, Baba ya sa masa Injin Ban-ruwa. Ranar da bawan Allahn nan ya rasu, har masu ta'aziyya sai da suka riƙa cewa Allah ya jiƙan Inji. Ni tun ina yarinya nake taka-tsantsan kada in faɗa bakinsa.

Biki ne ya kai ni Tursa. Can na haɗu da Shafa, 'yar kawuna da ke zaune a Sakkwato, ta zo da wani ɗan akwati cike da farcen roba na kanti, kala-kala. Duk macen da ke salla ta san farcen nan ba ya barin ruwan alwala ya taɓa na Allah, shi ya sa sai ana fashin salla ake sa shi. To ni kuma bikin ya faɗo mini daidai. Shafa ta kama hannuna ta juya shi, ta ce, "Dibi hannu kamar na mai hwaskare. Zamna in mai da ke mace." Ta liƙa mini guda goma masu ruwan hoda, dogaye, a kan jan lallen biki. Wallahi na yi kyau. Ranar ko fura na ɗauka sai na ɗaga ƙaramin yatsa.

Da na dawo gida saura kwana biyu in yi wankan tsarki. Hankali ya ce in cire, zuciya ta ce ai kwana biyun ma nawa ne. Na riƙa ɓoye hannu cikin hijabi, daga Baba har Gwaggo ba wanda ya gani.

Washegari da safe na ɗaura wa Hurde sirdi da ƙyar, don ko majayi, igiyar da ke riƙe shi, ban iya ja da kyau ba. Muna tafe bisa gaɓar hanyar ruwa sai wani ya tayar da injin ban-ruwa a bayan ciyawa, daf da mu. Hurde ya zabura ya yi gefe. Na kai hannun dama na cafki geza, abin da na yi ya fi sau ɗari a rayuwata. Wannan karon farcen manuni ya shige cikin gashin ya sarƙe, doki ya fizgi kai, na ji wani abu ya ce ɓas. Na roba ya tafi, ya ɗauki rabin nawa na Allah ya tafi da shi. Ban faɗi ba, amma na ga taurari da safiyar Allah.

Na yage bakin ɗankwali na ɗaure. Nan ne na yi kuskure na biyu, don da na dawo sai na ƙarasa aikina kamar kullum. Na kwashe kashi a turke, na dama dusa, duk da tsumman nan a hannu yana jiƙewa. Daga nan na shige ɗaki na jiƙa sauran taran a ruwan zafi, na ɓamɓare su na zuba a masai. Na goman na neme shi a hijabi, na neme shi a sirdi, ban gan shi ba, na ce ya faɗi a hanya.

Ina fitowa na yi karo da Gwaggo. Ta ce, "Ke Luba, mi yas same ki? Jinin mi na wanga?"

Ban shirya ƙarya ba, ita ta fito da kanta. Na ce, "Hurde na yac cije ni, ina ba shi dussa."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Dokin ga da kika yi ma wahala kamar ɗan cikinki? Kai, dabba dai dabba ta!" Kafin Baba ya dawo daga masallaci ta kwaɓa lalle ta dambara mini a kan ciwon, ta naɗe da tsumma. Saboda haka Baba bai taɓa ganin raunin a buɗe ba. Da ya gani da tun ranar asirina ya tonu, don ya san cizon doki kamar yadda ya san sunansa. Ya dubi Hurde ya ce, "Shekara goma sha ɗaya muna tare, bai taɓa buɗe ma mutum baki ba. Amma in yaɗ ɗanɗana sau guda, shina ƙarawa. Kak ki sake zuwa wurinai." Daga ranar shi ya koma ba shi abinci, yana dogara sanda. Da safe in Hurde ya ji muryata sai ya yi haniniya, ni kuma in shige ɗaki.

Satin farko na shawara ne. Yatsa ya fara zogi, yana bugawa kamar an sa masa zuciyarsa ta daban. Gwaggo ta ce ɗan karkare ne ya shiga, aka huda lemun tsami aka zura yatsan ciki. Maƙwabciya ta ce ba lemo ba, gauta. Wata ta ce kananzir. Wata tsohuwa da ta zo dubiya ta ce a nemo gashin wutsiyar dokin da ya yi cizon a ƙona a barbaɗa, aka ko je aka tsinko wa Hurde gashi, bawan Allah bai san laifin da ya yi ba. Kowace safiya kuma sai an sabunta lalle. Abin da nake so mai karatu ya riƙe ke nan: lallen ya rina yatsan ya yi ja har ya koma baƙi-baƙi, don haka ba wanda ya ga lokacin da naman kansa ya canja launi. Mu muna ta yaba yadda lalle ya kama.

A sati na biyu zazzaɓi ya rufe ni, kaluluwa ta fito a hammata, alli ma na kasa riƙewa na daina zuwa makaranta. Allah ya taimake ni Sista Rifkatu ta dawo daga hutu. Malamar asibiti ce 'yar Filato, tana haya a gidan da ke jikin namu, mun saba har tuwo muke miƙa wa juna ta katanga. Ta shigo gaisuwa ta ishe ni ina rawar ɗari. Ta kwance tsumman, ta wanke lallen da ruwan ɗumi, ta ɗaga hannun riga. Wani jan layi ya taso daga wuyan hannu yana hawa sama. Ta aiki Gwaggo ta ɗora wani ruwan, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Luba, ni a ƙauye na girma. Na ga cizon jaki, na ga na doki. Doki murƙushewa yake yi, wannan kuwa fizge shi aka yi. Kuma wannan abin da ya bushe a gefen farcen, ba gam ba ne?"

Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo. Na gaya mata komai. Ta yi ƙoƙari ta riƙe dariya, ta kasa, ta juya baya kafaɗunta na rawa. Da ta natsu ta ce, "Ni ba zan faɗa wa kowa ba, ba aikina ba ne. Amma likita kam sai kin gaya masa gaskiya. Kuma gobe-goben nan za ku tafi birni, ba jibi ba." Ta yi mini allurar hana sandarewar jiki, wadda ta ce tun ranar farko ya kamata a yi, tunda ciwon ya taɓa kashin doki. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ita ce sanadin yatsana.

Asibitin birni kuwa sai haƙuri. Layin yankar kati daban, layin ganin likita daban, na hoto daban, kowanne kuma sai an ce miki wancan za ki fara bi. Mun isa da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar, ina zaune a benci na ɗaga hannu sama kamar mai son amsa tambaya a aji. Gwaggo ita ba ta gaji ba. Ta buɗe kwanon furarta, kafin a kira mu ta san sunan kowa a layin da ciwon da ya kawo shi.

Likitan saurayi ne, mai magana a hankali. Ya duba ya tambaya, "Wa ya ce a sa lalle a nan?" Gwaggo ta ɗaga kai tana nazarin fankar silin. Da ta fita sayen magani na gaya masa gaskiya. Bai yi dariya ba. Ya ce farcen roba ba ya lanƙwasa, in ya maƙale da na jiki yake tafiya, kuma ƙarƙashinsa datti ke taruwa ko an wanke hannu. Ya ɗaga hoton yana kallo, ya ce mugunya ta taru har ta kai bakin ƙashi. Sannan ya faɗi maganar da har yau nake ji a kunnena: "Idan ya ci ƙashi, gaɓa ɗaya za ta tafi." A ranar aka kashe wurin da allura, aka tsaga, aka cire guntun farcen da ya rage, aka ba ni gado.

Kwana tara na yi ana ɗura mini magani ta jijiya. Wankin ciwo na safe shi ne azaba, ina ganin keken malaman jinya ya doso sai in juya fuska bango. Abincin asibiti kuma kada ma a yi maganarsa. Albasar da Baba ya adana yana jiran ta yi daraja, haka aka kwashe ta aka kai kasuwa tun lokaci bai yi ba. Amma gaskiya a ɗakin jinyar nan mun yi dariya. Gwaggo ta zama gidan rediyo, labarinta kuma guda ne, na mugun doki. Ranar farko cizo ɗaya ya yi mini. Ranar ta uku ya ɗaga ni sama yana girgizawa. Kafin sati ya cika sai da maza huɗu suka taru da sanduna kafin ya sake ni. Mata na salati, suna cewa Allah ya tsare, ni kuwa ina ja wa fuskata zane. Dariya na cina, kunya na cina.

Baba ya zo a kwana na huɗu. Na saba in ya shigo wuri sai an yi dariya, ranar ko murmushi bai yi ba. Gwaggo ta maimaita masa maganar likita. Ya zauna a bakin gado yana kallon bandejin, ya ce, "Dokin da yat taɓa ɗiyata ba ya ƙara cin harawata. Goronyo za ni kai shi." Na ce, "Baba, a yi mai haƙuri." Ya ce, "Kuma ba ni ɓoye aibinai. Duk wanda yat taya, sai na hwaɗa mai shina cizo."

Na san ma'anar wannan. Dokin da aka ce yana cizo, mai son hawa ba ya sayensa. Sai masu lodin dabbobi a manyan motoci su tafi da irinsu kudu, kuma kowa ya san ba hawa ake kai su yi ba. Gaskiya ta zo mini har maƙogwaro. Na dubi matan ɗakin da suka kasa kunne, na dubi Gwaggo, na haɗiye ta. Na ce wa raina in na koma gida zan faɗa masa mu biyu, ai ba yau zai kai shi ba.

A kwana na tara aka sake hoto. Likita ya ɗaga shi, ya yi murmushi a karo na farko, ya ce ƙashi lafiya lau, yatsa ya tsira. Gwaggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti har aka zo aka yi mata magana. Ni kuka na yi, na murna, ina ta sumbatar bandeji. Washegari aka sallame mu, muka kamo hanya ina ƙirga yatsuna a mota kamar 'yar aji ɗaya.

Muna shiga gida na dubi turke. Ba doki, sai igiya a ƙasa. Sista Rifkatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Yau ai kasuwar Goronyo. Tun da sassafe aka sa shi a mota, Baba ya ce ba ya so ki dawo ki same shi." Ban ajiye jaka ba na ce, "Sista, babur ɗinki." Nan take ta shiga ta ɗauko makulli. Gwaggo na kiran ina za mu da ciwo, mu har mun sha kwana.

Ban taɓa jin tsawon hanyar Goronyo irin na ranar ba. Ina bayan Sista na ɗaga hannu sama, duk babbar motar dabbobi da ta wuce mu sai na leƙa ko zan ga farin kai mai ɗigo. Muka kutsa ta cikin buhunan albasa da masu awo har kara, inda ake cinikin dabbobi. Hurde ne ya fara ganina. Ya ɗaga kai ya yi haniniyar da ta sa kowa ya waiwayo. An wanke shi tas, an tsefe gezarsa, Baba na zaune a tabarma kusa da shi, dillalai biyu a tsaye.

Na durƙusa a gabansa cikin ƙura. Baba ya kama hannuna kafin in buɗe baki. Ya ce, "Nawa?" Na ce, "Biyar, Baba." Ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya, har mai bandejin, yana motsa baki. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce wa dillalan su ɗan ba mu wuri.

Na ce, "Baba, Hurde bai cije ni ba. Ƙarya niy yi." Na kwashe komai na faɗa masa, tun daga akwatin Shafa har masai. Da na gama sai ya zura hannu a aljihun gaba ya ciro wani abu naɗe a takarda, ya warware a tafin hannunsa. Farcen roba ne mai ruwan hoda, da gashin geza nannaɗe a jikinsa.

Ya ce, "Ga haƙorin da yac cije ki, na cire mai shi ɗazu. Ina tsehe geza don masu saye, matsehi yat tsaya. Da hwarko na zaci ɓawon albasa na." Ya juya shi a hasken rana. "Wani har ya yi tayi, saura in ce na sallama. Tun sa'annan ba abin da nika cewa sai albarka."

Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har hularsa ta faɗi, Sista ta jingina da babur tana share hawaye, ni ina kuka ina dariya. Na tashi na rungume wuyan Hurde da hannun hagu, shi kuwa ya shiga laluben hijabina yana neman ƙuli-ƙulin da na saba ba shi.

A hanyar komawa na shirya wa suna. Na san Baba ya samu abin da zai ci shekara ashirin yana yi mini. Na jira sati, na jira wata. Aka gama wankin ciwo a wurin Sista, aka kwance bandeji, sabon farce ya fara tsirowa a hankali, sai da ya ɗauki wajen wata biyar kafin ya rufe. Na koma makaranta, na koma hawa. Suna bai zo ba. Duk wanda ya tambayi Baba me ya hana shi sayar da dokin, sai ya ce kasuwa ce ba ta yi ba. Mutumin da ko liman bai tsira daga bakinsa ba, ya riƙe wannan a cikinsa saboda ni. Iyaka dai in na cika tsayawa gaban madubi sai ya yi gyaran murya ya shafa aljihun gaba.

To 'yan'uwa, ga abin da na koya da jikina. In za ki taɓa linzami, ko geza, ko igiyar dabba, ki cire farcen kanti tukuna, ko da kwana ɗaya ya rage miki. In kin ji ciwo a turke, ki wanke da sabulu ki tafi asibiti a ranar, ki karɓi allura. Kada a sa lalle a kan rauni, yana rufe wa mutane ido. Kuma duk kunyar abin, ki faɗa wa mai magani yadda aka yi.

Saura alhakin da na ambata. Shirun Baba ya rufa mini asiri, amma ya bar Hurde da baƙin suna. Har yau in na biyo ta cikin gari mata na janye 'ya'yansu, ana cewa ga mai cizon nan. Jiya wata ta jefe shi da ɓawon rake, ya juyo yana kallonta bai san dalili ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, na fara karanta wa Gwaggo. Ta saki baki ta ce, "Ke ɗiyag ga! To maza huɗun da sunka ƙwace ki hwa?" Na ce ai ita ta kawo su, sai ta mayar da su inda ta samo su.

Mutanen Magarya, da matan ɗakinmu na asibiti in wannan ya iso gare ku: Hurde bai taɓa cizon kowa ba. Ni ce na sa farcen kanti na hau doki. Baba, na faɗa da bakina, sai ka fito da sunan, na san ka daɗe da tanadinsa.